A Jidda an hana ni rigar da na zaɓa da kuɗina

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Hajiya da yara. Ka ce in daina turo hotuna kawai, in riƙa ba ku labari, to ga shi.

Abokan aikina ne suka ja ni koyon nutso da tulun iska a Abhur, arewa da Jidda, inda Bahar Maliya ta kutso cikin tudu. Ka dai san iyakar ninkayata kududdufin unguwa ne, shi ma a sace. Na ɗauka zan biya a miƙo mini kaya in faɗa ruwa. Ina!

Akwai wata riga marar hannu da ake ɗaura tulun a bayanta, ana hura mata iska ko a sace, gwargwadon mutum yana son tasowa ko yin ƙasa. Na nuna babba. Mai koyarwar, wani Bamisire, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya Ustaz, wannan ba taka ba ce." Na ce ni ina son in sake a cikin kaya, kuma kuɗina zan biya. Ya ce sam. A gaban yara ƙanana fa, 'ya'yan wasu Turawa, har sun gama shiri suna kallona. Wallahi raina ya ɓaci, na kusa cewa a bar shi.

Bai kula da fushina ba. Ya ce idan rigar ta yi yawa, da an hura ta a saman ruwa sai ta haye har kunne, kai kuma ka zurma cikinta, a ƙarƙashin ruwa kuma tulun ya yi ta gangarawa dama da hagu. Idan ta matse, da ta cika da iska sai ta danne haƙarƙari. Ya sa mini matsakaiciya, ya hura ta taf, ya ce in ja dogon numfashi ya gani.

Sai tulun. Na alminiyom ne, lita 11, an ɗura masa iska har ma'aunin matsin iska ya nuna "bar" 200, kuma ko babu komai a ciki ya kai kilo 14. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, ba oksijin ɗin asibiti ba. Kafin ya ɗaure, sai da ya tsoma ɗamarar da ke riƙe tulun a ruwa, domin idan ta jiƙe tana saki, wanda ya ɗaure ta a bushe zai iya ganin tulunsa ya zame yana can ƙasa. Ya ja, ya kulle, ya ɗaga rigar ya girgiza da ƙarfi. Sannan ya ce in ɗaga kai in dubi sama. Ƙeyata ta bugi ƙarfen kan tulun, ya kwance ya sauke shi ɗan kaɗan, muka sake daga farko. Abin dai kamar goyo ne, idan majanyi bai zauna ba uwa ba ta da sukuni, ɗa ma haka. Ɗamarar ƙugu ake fara ja don nauyin ya sauka a kwankwaso, sai na kafaɗu, na ƙirji kuwa a ɗan kama shi kawai. Ya kuma gargaɗe ni cewa a zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, rigar robar da ke jikina za ta lotse, ɗamara ta yi sako-sako, sai in ƙara ja a can. Haka kuwa aka yi.

Har dalmar da ake ratayawa a ƙugu don mutum ya iya nutsewa sai da aka gwada a cikin ruwa, ana ƙarawa ana ragewa, har na tsaya ruwa daidai idona. Gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, na sauran tekuna kusan 35, shi ya sa take ɗaga mutum fiye da su.

Kada ka ce komai daɗi ne. Tsayuwa cikin rigar roba a zafin Jidda azaba ce, gumi har cikin takalmi. Gilashin fuska ya yi ta shan ruwa ta gashin bakina, mutumin ya ce in rage na ƙarƙashin hanci, na ce a'a, na haƙura da gishiri. Ga tsada, babu tayi, babu ragi, babu gyara, ko "Allah ya amfana" ba wanda zai ce maka. A nan na yi kewar kasuwar gida, inda ko ba ka sayi komai ba za a ba ka benci da ruwan sanyi.

Amma Yaya, mu faɗi gaskiya. A gida ka gwada takalmi ya matse, a ce "zai buɗe." Ya yi yawa, a ce "sa takarda." Mai kaya burinsa kuɗi ya shiga aljihu, mai saye kuma ya yi maneji. Ka tuna 2009 da aka tilasta hular kwano, 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, muka yi ta dariya. A takalmi abin dariya ne, a ruwa kuwa rai ne. Kwale-kwalen da ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai a Nuwamban 2021 ya ci aƙalla mutum 29, galibi yara 'yan Islamiyya. Ko an raba rigunan ceto a irin waɗannan mashigai, wa zai tsaya ya gwada wa yaro ya ga ba za ta zare ta kansa ba? Masuntanmu gwanaye ne, da numfashi ɗaya suke nutsawa su lalubo mutum, sai dai a lokacin aikin gama ya gama.

Wani abu kuma. A wuyan kowane tulu an buga wata da shekarar da aka gwada ƙarfinsa, kuma mai ɗura iska yakan duba kafin ya ɗura. Don Allah ka leƙa kicin ɗin Hajiya ka duba tukunyar gas ɗin nan da ta yi tsatsa a gindi, ka ɗauko hoton rubutun jikinta ka turo mini ta WhatsApp. In ta tsufa a sayi sabuwa, zan turo kuɗin ƙarshen wata.