Daga Landan: kada kowa ya ɓare kan sarkin da ke cikin adakar Baba

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya zafin Sakkwato? Ka tambaye ni wace sana'a ce nake yi da dare bayan na taso aiki, har Inna ta ji labari wai ina sayar da takardu. Gaskiya ne, takardu nake sayarwa. Kan sarki ne, irin wanda muke liƙawa a ambulan da miyau lokacin da Baba ke aiken mu gidan waya.

Kada ka yi dariya. A ƙasar nan tsohon kan sarki haja ce kamar goro a Shagon Goro, da dillalansa da masu gwanjonsa. Akwai wani shago a titin Strand, Stanley Gibbons, da ke buga littafin farashi tun 1865, kowane kan sarki da lambarsa da kuɗinsa. A 2021 su ne sunka sayi wani ɗan guntun kan sarki na Giyana ta Ingila, wata ƙasa a Kudancin Amurka, bugun 1856, kan dala miliyan 8.3. Senti ɗaya ne kuɗinsa na asali, kuma shi kaɗai ya rage a duniya. Wannan labari shi ke ruɗin sabon shiga, ni ma ya ruɗe ni. Na ɗauka duk abin da ya tsufa kuɗi ne. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Kan sarkin farko a duniya, baƙin nan mai kan Sarauniya Biktoriya na 1840, an buga sama da miliyan 68, shi ya sa wanda anka riga anka yi aiki da shi ba ya wuce 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwan fam. Na yau da kullum kuwa a kilo ake auna su kamar gero. Ƙaranci ke kawo kuɗi, sai lafiyar takardar, sai kuma a samu mai so.

To mu ina muka shigo? Nan ne abin ya ba ni mamaki. Akwai Turawa, yawanci tsofaffi, da ba su tara komai sai na Afirka ta Yamma. Arewacin Najeriya ta yi nata kan sarkin daban daga 1900, da sunanta a jiki, har zuwa haɗewar 1914. Cikinsu akwai na fam 25 na 1904 mai kan Sarki Edward, wanda samunsa sai an tona, kuma ba na sa ran yana cikin adakarmu. Abin da nake sa rai shi ne jerin 1953: na kwabo mai mahayan Barno, na ahu mai gyaɗa, na taro mai gadar Jebba, da na sule goma mai fatu da ƙiraga, sana'ar Baba ke nan. Akwai kuma jerin farko na naira da kwabo na 1973, wanda a ciki har da kamun kifin Argungu. Ƙananan cikinsu ba su da tsada in an ɓare su, don sun yi yawa. Amma in suna nan liƙe a ambulan ɗinsu, ga hatimin gidan waya ya fito raɗau da sunan gari da kwanan wata, magana ta canja. Hatimin Legas ko Kano ko'ina akwai shi. Na Sakkwato, Birnin Kebbi, Argungu, Ƙauran Namoda, ko Zungeru lokacin tana hedikwatar Arewa, su ne ake wawa, saboda wasiƙun da sunka fita daga can ba su da yawa.

Da kuɗina na sayi wannan karatu. Ka tuna ambulan uku da na taho da su cikin littafin Baba? Na jiƙa biyu a ruwa na ɓare kan sarkin, na shanya, ina jin na yi gwaninta. Da na kai wa wani dattijo mai tebur a wurin baje koli, ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ce duka biyun ba su kai kuɗin shayi ba. Na ukun da ƙiwa ta hana ni ɓarewa, shi ya riƙe ya ƙi saki, yana ta kallon hatimin Gusau. Ban sayar masa ba. Na sa shi gwanjo a intanet, mutum huɗu sunka yi ta ƙari har kwana bakwai, ya tashi fam talatin da ɗoriya.

Kayan aikin ba su da yawa. Hantsaki mai faɗin baki, don yatsa na barin maiƙo. Madubin ƙara girma. Wani ɗan ma'auni da ke ƙirga haƙoran gefe a cikin santimita biyu, domin kan sarki biyu na iya zama iri ɗaya a ido, haƙoran su bambanta, farashin ma ya bambanta. Haka tambarin ruwa da ke cikin takardar, wanda sai ka kifa ta kan baƙin abu kake gani. Sai waya mai ɗaukar hoto da kyau, gaba da baya. Kasuwannin kuwa eBay ce babba, sai Delcampe ta Beljiyam wadda masu tara kayan tarihi sunka fi zama, da HipStamp ta Amurka. Kowace da tsarin la'adarta, sai mutum ya karanta kafin ya sa kaya. Kuma kada farashin littafi ya ruɗe ka, abin da ake biya a zahiri kan yi ƙasa da shi sosai. Ni nakan duba nawa anka sayar da irinsa a makonnin baya, ba nawa wani ya yi wa nasa kuɗi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda cinikin ke tafiya ba ka ga mutum ba bai gan ka ba. A gida in za ka sayi akuya a Kara sai ka taɓa, ka buɗe baki, dillali ya rantse, a yi albarka sau uku. Nan hoto ne da kalmarka. In haƙori ɗaya ya karye ka rubuta, in akwai tsatsa a baya ka nuna. Ka ɓoye, mai saye ya maido kaya, ya rubuta a shafinka kowa ya gani, kuma wannan tabon ba ya goguwa da wuri. Duk abin kuma ya dogara ga gidan waya. Ina jefa ambulan cikin jan akwatin bakin titi da yamma, galibi kwana ɗaya ko biyu ya isa ƙofar mai shi, don kowane gida da lambarsa da ramin wasiƙa a ƙofa. Ba arha ba ne, kan sarkin gaggawa ya haura fam ɗaya da rabi, kuma su ma suna ƙorafin jinkiri. Mu kuwa kwatance muke yi, bayan masallaci kusa da mai nika, ko a ba direban mota a tasha a bi shi da waya. Wallahi ta wani fannin namu ya fi sauri, amma Bature da ke Jamus ba zai sayi kaya a kan lambar direba ba.

Ta wajen ajiya kuma mun fi su. Danshin ƙasar nan yana sa takarda ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa, gam ɗin baya ya manne. Busasshiyar iskarmu ta fi raya takarda, in dai gara da ɗigar damina ba su kai gare ta ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ka karɓi mabuɗin adakar wurin Inna, ka fito da wasiƙun kamfanin fatu da na aikin hajjin Baba, har da waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Ƙonni masu kan sarkin Nijar. Kada a ɓare, kada a goge, kada a sa salatif, kada yara su kai wa mai ƙosai. Ka ɗauki hoton kowane gaba da baya a inuwa, ka turo mini ta WhatsApp. Zancen ka buɗe shafinka daga nan mu ɗan dakata, don karɓar kuɗi daga waje da aikawa da rajista su ne masu wuya, gara a fara ta hannuna. Wasiƙun da ke ciki na gida ne, ba na sayarwa ba, a cire a adana. Ambulan ɗin ma kayan gado ne, sai ka tara su Yaya Babba da sauran magada an yi shawara kafin in sa ko ɗaya a kasuwa.

Akwai mai zuwa gida bayan Sallah, zan ba shi hantsaki da madubin ya kawo maka. A gaida Inna da kyau, a ce mata man zafin nata na nan tafe tare da su.