Wata uku a ajin koyon harshen Hangari a Debrecen

Abin da ya kai ni ajin nan naman alade ne. A makona na biyu a Debrecen, wani birni a ƙasar Hangari, na tsaya a kanti riƙe da robar man shafa wa burodi, ina ta jujjuya ta kamar mai duba, sai wani Balarabe ya nuna mini kalmar "sertés" a jiki, ya ce alade ke nan. Kafin wannan rana da manhajar waya nake fama. Ta koya mini sunan tuffa da na giwa, amma ba ta hana ni yin ɓaram-ɓarama a kasuwa ba. Sai na biya kuɗin wani ajin yamma, sau biyu a mako, mu tara.

Malamar dattijuwa ce mai haƙuri, kuma da kunne ta fara, ba da nahawu ba. Baƙaƙen harshen Hangari 44 ne. "S" ɗinsu shi ne "sh" namu, "sz" kuma "s", shi ya sa mutanen ƙasar ke cewa Budapesht. A nan na ga ranar Hausa. Su ma suna bambanta dogon wasali da gajere, kamar garin da muke zaune da garin tuwo, sai dai su suna sa alama a rubuce: "kor" shekaru, "kór" cuta. Baƙi mai ruɓi ma haka, "hal" kifi, "hall" yana ji. 'Yan ajinmu suna ta kai ruwa rana da wannan, ni kuwa ko a jikina. Inda na sha wuya shi ne "ö" da "ü", har yau leɓena bai yarda ba.

Abin dariya, ba su da "shi" da "ita", kowa "ő" ne. Bahaushen da ya saba da kai da ke sai ya ji kamar an sauke masa kaya. To amma kayan na gaba: komai a wutsiyar kalma ake liƙa shi, kuma wasalin wutsiyar sai ya bi na kalmar, "házban" a cikin gida, "kertben" a cikin lambu.

Ƙorafina biyu ne. Da Turanci ake bayani, don haka wani ɗan Nijar da muke tare, mai Faransanci, ya gudu tun wata na farko. Sannan ba a koya mana agogo ba sai mako na bakwai, bayan na riga na yi asarar tikitin jirgin ƙasa. An ce mini "fél nyolc", na ji "rabi" da "takwas", na iso tasha takwas da kwata ina taƙama na yi sammako. Ashe bakwai da rabi suke nufi.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, wadda da sai dai mu gyaɗa wa juna kai, yanzu in na ce "Jó napot kívánok", wato barka da rana, sai ta tsare ni a bakin ƙofa ta yi ta zuba. Kashi ɗaya cikin uku nake kamawa. Na sake yin rajistar zango na biyu.