Benz ta zo da tayar sanyi daga Jamus: a bar ta, ko a sayi rim 17 na gwanjo?

Alhaji, ka ce Mercedes E320 ƙirar W211 da ka fitar daga tashar Tema ta zo da tayoyin sanyi 225/55 R16 a kan rim na ƙarfe inci 16, sannan a Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, an yi maka tayin rim na alminiyam inci 17 tare da tayoyinsu na gwanjo. Kana tambayar wanne ya fi sauƙi.

Tayar sanyin dai ba ta Kumasi ba ce. Duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. An haɗa robarta ne don ta zauna da laushi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, mu kuwa nan da rana muna kusan 30, kwalta ta fi haka zafi. Robar sai ta ƙara saki, zanen ya riƙa lanƙwasa, birki ya ƙara tsawo, ta kuma cinye da wuri. Kada yawan tsagar da ke jikinta ya sa ka ɗauka ta damina ce, don riƙe ƙanƙara aka yi su. Mota mai nauyi irin wannan, da iyali a ciki a hanyar Kumasi zuwa Accra, ba na so a yi mata gwaji da birki.

Rim 17 ɗin ya fi kyau a ido, gaskiya ne. Girmansa na asali a wannan mota 245/45 R17 ne, kuma zagayensa kusan ɗaya yake da na 16, don haka agogon gudu ba zai ruɗe ba. Amma tsayin gefen tayar milimita 110 ne, na 16 kuwa kusan 124. Wannan bambancin shi ke shanye dukan rami. Alminiyam kan tsage, a yi masa walda a shafe da fenti a sayar maka, ƙarfe kuwa lanƙwasa yake yi, ana iya miƙe shi. Kuma duk ranar da za ka sake taya, 17 ta fi tsada.

Idan har ranka na kan 17 ɗin, ka tabbata ramukan noti 5x112 ne (wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 112), ramin tsakiya milimita 66.6, ET, wato awon yadda rim ke shigewa ciki ko fitowa waje, wajen 38. Rim ɗin Volkswagen da tsofaffin Audi ma 5x112 ne, sai dai tsakiyarsu 57.1, ba za su zauna ba. Notin Benz mai zagayayyen wuya ne, M14x1.5, kuma tsawon na rim ɗin ƙarfe da na alminiyam kan bambanta. Dogo a rim na ƙarfe yana iya taɓa kayan birkin hannu a baya, gajere a alminiyam ba ya kama zare sosai. Tayoyin gwanjon kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida ka bar musu ita, ko zanenta na nan.

Shawarata, riƙe rim ɗinka na 16, ka sa masa sababbin tayoyin zafi huɗu 225/55 R16, lambar nauyi 95 ko sama, masu alamar jure zafi ta Temperature A. Ba sai Michelin ba, Hankook ko Kumho sun wadatar. In kuɗin huɗu bai samu ba yanzu, ka jira su cika, kada ka haɗa biyu na sanyi da biyu na zafi, don gaba da baya ba za su riƙe hanya daidai ba idan ruwa ya sauka.

A sa sabon bawul, a yi balansin da alaimen, a ɗaure noti a 130 Nm da sifana mai awo, ba da tsalle a kan ƙarfe ba. Bayan kilomita 50 ka koma a sake duba su.