Agogon Kaka ya tashi, amma an ɓata min zanen bayansa

Gaskiya dai mai gyaran agogon ya iya aikin inji, wannan ba zan hana shi ba. Agogon aljihu ne na marigayi kakanmu, irin mai ɗan makullin nan, tun ina yaro yana cikin adaka a naɗe da ƙyalle ban taɓa jin motsinsa ba. A hanyar hajji Kaka ya saye shi, zamanin da ake bi ta Sudan. Lambobin fuskarsa ma na Turkawan da ne masu kama da na Larabci, irin waɗanda maƙeran Janiba ta ƙasar Suwizalan da na Landan suka riƙa yi wa kasuwar Istanbul. Sati 3 ya yi a wajen mai gyara, ranar da na kara shi a kunne na ji yana ƙas ƙas sai da idona ya kawo ruwa, har ƙari na yi masa a kan kuɗin da muka yi.

Sai da na dawo gida na juya bayansa.

Akwai ɗan zane a murfin, jirgin ruwa da hasumiya a bakin teku, duka bai fi murfin kwalba ba amma har igiyoyin jirgin kana gani. To gefen sama ya ɓare kamar ƙwayar dawa, kuma wallahi shuɗin jan farce aka shafa a wurin wai don kar in lura!! Sau uku na ce masa malam don Allah kar ka taɓa bayan nan, domin ba fenti ba ne, garin gilashi ne mai launi ake zanawa da siririn burushi a sa a wuta mai zafin kusan digiri 800, a fito da shi a ƙara wani launi a sake mayarwa, mutanen Janiba har wani gilashi garai-garai suke narkawa a kai shi ya sa launin ba ya koɗewa. Tun wajen 1630 aka fara wannan sana'a a Faransa. Duk wanda ya taɓa ganin langa ta faɗi ta ɓare ya san abin ba ya komawa.

Da na koma sai ce min ya yi "Alhaji ai dama haka ka kawo shi." Wannan maganar ta fi ɓarewar yi min ciwo. Allah ya sa na ɗau hoto a waya a gaban teburinsa ranar da na kai, da na nuna masa sannan ya ce wuƙar buɗewa ce ta zame. Ya miƙo rabin kuɗi, na ce ya riƙe.

Da na yi niyyar cewa mai agogon ƙarfe zalla zai iya kai masa, amma yanzu ko wannan ba zan ce ba, mutumin da zai rufe ɓarna da jan farce me ya yi a cikin injin da ba na gani? Hajiyarmu tana ta tambaya ko agogon babanta ya dawo, har yau ban iya nuna mata ba.