Man goge baki na ganye ko mai fuloraid: wanne ya kamata ka saya?

Duk wanda ya shiga kanti kwanan nan zai ga yadda kwalayen man goge baki suka koma kore shar. Wannan da hoton kanumfari, wancan da ganyen darbejiya, wani da asuwaki ko habbatus sauda. Mai kanti zai ce maka "na ganye ne, ba sinadari a ciki", kai kuma zuciyarka ta kwanta. Ni ma na daɗe ina saye a kan wannan maganar, sai da turmin haƙorina ya yi kogo na fara juya kwali ina karanta bayansa.

Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, babbarsu ita ce Streptococcus mutans. Suna maƙale a daudar da ke taruwa a jikin haƙori, su ci sukarin shayi da alawa da lemun kwalba, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙori sannu a hankali har ya huje. Saboda haka aiki biyu ake nema a wurin man goge baki: ya rage ƙwayoyin, ya kuma ƙarfafa ɓawon.

A aiki na farko tsirrai suna da abin faɗa. Man kanumfari yana ɗauke da sinadarin eugenol, wanda likitocin haƙori da kansu suke amfani da shi a wasu kayan cike haƙori na wucin gadi. Man kirfa da na na'a-na'a da ruwan darbejiya duk an ga suna hana ƙwayoyin yaɗuwa a ɗakin gwaji. Amma faranti a ɗakin gwaji daban, baki daban. A faranti man yana kwana a kan ƙwayoyin, a baki kuwa minti biyu ne, miyau ya tsinka shi, ka tofar. Gwajin da aka yi a bakin mutane ya fi nuna raguwar dauda da kumburin dasashi, bai kai ga tabbatar da hana kogo ba.

Aiki na biyu na fuloraid ne, wato sinadarin da ake sa wa man goge baki don ƙarfafa ɓawon haƙori, kuma shi ne aka shafe shekaru da dama ana tabbatar da cewa yana rage ruɓewar haƙori. Don haka idan ka ɗauki kwali, ka bar hoton ganyen, ka nemi kalmar fluoride da adadinta. Babba yana buƙatar tsakanin 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawan fuloraid a cikin man ke nan), galibi za ka ga 1,450. Akwai man ganye mai fuloraid, akwai marar shi, wani lokaci ma daga kamfani ɗaya, shi ya sa sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Ni dai mai haɗa biyun nake saya yanzu. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki kafin ka biya. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake, a tsaya a kansa kada ya haɗiye. Inda ruwan sha yake da fuloraid da yawa har yana rina haƙoran yara, kamar yadda aka sani a yankin Kaltungo a Gombe da Tibiri a Maraɗi, gara a tambayi likitan haƙori tukuna.

Kwalabe ƙanana na zallan man tsirrai da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp su ne suka fi damuna. Ƙanwata ta taɓa jiƙa auduga da man kanumfari ta danna a haƙori mai ciwo ta kwanta. Zafin ya lafa, amma da safe dasashinta ya yi fari fat ya saɓule, kwana uku ba ta iya cin tuwo mai zafi ba, kogon kuma yana nan yadda yake. Man yana kashe zafi na ɗan lokaci, ba ya cike rami. Man tea tree da ake samu daga wata bishiyar Ostireliya guba ne idan aka haɗiye shi, bai kamata ya zauna inda hannun yara ke kaiwa ba. Wanda yake son amfanin irin waɗannan mayuka, ruwan kurkure baki irin Listerine an riga an auna masa su daidai, akwai ma wanda babu barasa a cikinsa. Shi ma ƙari ne a kan goge baki.

Man goge baki mai gawayi kuwa ban ba kowa shawarar sa ba. Yana kankare haƙori, kuma da yawa daga cikinsu babu fuloraid.

Asuwaki ba shi da abokin gasa a arha da sauƙin ɗauka, ga shi sunna ne. Ɗanyen itacen arak yana share dauda sosai idan an iya riƙe shi, a riƙa yanke bakinsa ana sabuntawa. Inda yake gazawa shi ne bayan turame da tsakanin haƙora. Ni ina yin asuwaki da rana lokacin alwala, safe da dare kuma buroshi mai laushi da man fuloraid, in tofar ba tare da na kurkure da ruwa ba, don man ya ɗan zauna a kan haƙoran.