Masu tsaron ƙofa a dinar ƙanwata

Kamfanin da muka ɗauka ya tsare mana ƙofa a Kaduna mutum uku ya aiko: ƙatti biyu masu faɗin ƙirji, da wata mata siririya riƙe da na'urar bincike. Ƙattin sun yi amfaninsu, don samarin da ke zuwa ba gayyata suna hango su suke ja da baya.

Amma aikin gaske matar ce ta yi shi. Gwaggon ango ta iso ba kati, ƙato ɗaya ya tare ta da hannu, ranta ya fara ɓaci. Matar ta matso ta russuna: "Hajiya, a yi haƙuri, wa za mu kira miki daga ciki?" Nan take aka shigo da ita cikin mutunci. Ita ce kuma ta duba jakunkunan mata, abin da ba za a yarda namiji ya yi ba.

Doka ta hana masu gadi na kamfani riƙe bindiga a Najeriya, ido da iya magana ne makaminsu. Kafin ku biya, ku nemi ganin lasisinsu na hukumar Sibil Difens, ku dage a haɗo muku da mace. Ƙorafina ɗaya, sun makara, sai bayan magariba suka iso.