Bashin karatu a Amurka: na gwamnati ko na banki, wanne ke ɗaga maka ƙafa ranar da gari ya rikice?

Ranar 13 ga Maris 2020 Shugaba Donald Trump ya ayyana dokar ta-ɓaci a Amurka saboda annobar korona. Bayan mako biyu, ranar 27 ga watan, aka sa hannu a dokar CARES, wadda ta dakatar da biyan bashin karatu na gwamnatin tarayya, ta mayar da kuɗin ruwa sifili, ta kuma hana a matsa wa waɗanda suka riga suka gaza biya. Da farko an ce zuwa ƙarshen Satumbar shekarar ne, sai aka yi ta ƙara wa'adi, daga Trump har Biden. Ruwa bai dawo ba sai 1 ga Satumba 2023, biya kuma a Oktoba. Kusan shekara uku da rabi ke nan mutum fiye da miliyan 40 suna numfasawa.

Amma ba kowa ya numfasa ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A watan Afrilun waccan shekarar ɗan yayata ya zauna a teburin kicin ɗinmu, waya a kunne, takardun bashi baje a gabansa, shayinsa ya huce bai taɓa ba. An rufe wurin aikinsa. Shekara guda kafin nan wani kamfani ya aiko masa da wasiƙa mai ƙyalli, cewa zai biya masa bashin gwamnati duka, shi kuma ya koma biyan kamfanin da ruwa mai sauƙi. Ya amince. Da ya ajiye wayar sai ya ce, "Kawu, sun ce wata uku za su ba ni, kuma ruwan ba zai tsaya ba." Ƙanwarsa da ba ta taɓa nata bashin ba, ko kira ba ta yi ba, sassaucin ya same ta har gida.

To zaɓin farko, wanda duk sauran ke rataye a kansa, shi ne daga hannun wa za ka ci bashin. Bashin gwamnatin tarayya ana nemansa ne ta takardar FAFSA, kuma Majalisa ce ke tsara yadda ake yanka ruwansa, ba ya canzawa har ka gama biya. Ɗaliban digirin farko da suka ci a zangon 2020 zuwa 2021 sun samu kashi 2.75 cikin ɗari, na zangon 2024 zuwa 2025 kuma kashi 6.53. Banki ko kamfani mai zaman kansa yana iya ba ka ƙasa da haka idan kiredit ɗinka, wato tarihin yadda kake biyan bashi, na da kyau, ko kana da mai tsaya maka. A nan ne ido ke rufewa. Ka ɗauki bashin dala 30,000 a kan kashi 6 cikin ɗari: ruwansa dala 150 ne a wata. Idan banki ya rage maka kashi ɗaya, ribarka dala 25 ce a wata. Wanda ya zauna da gwamnati kuwa, dakatarwar korona ta sauke masa ruwan da ya kai wajen dala 6,000, ban da cewa ba a nemi ko sisi daga gare shi ba a lokacin da ba shi da aiki. Kuma wanda ya mayar da bashinsa hannun banki ya fita ke nan, babu ƙofar komawa. Ni dai ban ga rangwamen da ya kai a sayar da wannan kariyar saboda shi ba, sai ga wanda albashinsa ya kafu sosai, yana da ajiyar da za ta riƙe shi wata da watanni.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Wasu tsofaffin basussuka na shirin FFEL, wanda aka daina bayarwa a 2010, sunansu na gwamnati ne amma bankuna ke riƙe da su, haka ma bashin Perkins da ke hannun makarantu. Dokar CARES ba ta shafe su ba. Masu irin wannan sai da suka haɗa bashin ya koma shirin Direct, wanda gwamnati da kanta ke riƙe da bashinsa, kafin su ci moriyar. Saboda haka kada ka tsaya a kan "ai nawa na gwamnati ne". Ka duba wa ke riƙe da shi.

Ga iyayen da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi suna shirin tura yaro da bizar ɗalibi, maganar gajera ce: bashin gwamnatin Amurka na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu rukunoni kaɗan kamar 'yan gudun hijira. Mai bizar ɗalibi sai na kamfani, kuma galibi sai wani mazaunin Amurka ya tsaya masa. Wanda ya sa hannu ya sani cewa bashin nasa ne kamar yadda yake na yaron. Na ga zumunci ya yi rauni a kan wannan sa hannun.

Yanzu a ce kana da na gwamnati, aiki ya kuɓuce, kuma babu wata dokar ta-ɓaci da ta rufe kowa. Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda ta fi saurin samuwa ita ce jinkirin alfarma: ka kira kamfanin da ke karɓar biya a madadin gwamnati, ya ɗaga maka har wata 12 a lokaci guda. Ita ce kuma ta fi tsada, domin ruwa na ci gaba da taruwa a kan kowane irin bashi, kuma a ƙa'ida watannin ba sa shiga lissafin yafe ragowar bashi da zan yi bayani a gaba. Tana da amfani idan matsalar ta wata biyu ko uku ce, kamar wanda guguwa ko ambaliya ta faɗa wa a yankin da aka ayyana bala'i, inda ake ba da har kwana 90. Ta biyu ita ce jinkiri mai sharaɗi, na rashin aiki ko na matsin tattalin arziki, wanda ke iya kaiwa shekara uku. Fifikonta shi ne idan bashinka mai tallafi ne, wato irin wanda ake ba ɗalibai mabuƙata, gwamnati ce ke ɗaukar ruwan a lokacin. Sai dai dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta soke waɗannan nau'o'i biyu ga basussukan da za a ci daga Yulin 2027, don haka sabon ɗalibi kada ya dogara da su.

Ta uku ita nake ba kowa shawara ya fara dubawa: biya gwargwadon samu. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsare, mai suna IBR, ana cire abin da ya kai ninki ɗaya da rabi na layin talauci daga kuɗin shigarka, sai a karɓi kashi 10 ko 15 cikin ɗari na ragowar, ya danganta da lokacin da ka ci bashin. Idan samun ya faɗi ƙasa warwas, abin biyan na iya zama sifili, kuma wannan sifilin ana ƙirga shi a matsayin biya. Bayan shekara 20 ko 25 a yafe abin da ya rage. Ba sai ka jira ƙarshen shekara ba. Ranar da aka sallame ka kana iya neman a sake lissafi. Malamin makarantar gwamnati, ko ma'aikaciyar jinya a asibitin da ba na neman riba ba, su tasu ta fi kusa, domin shirin PSLF na 2007, na masu yi wa al'umma hidima, yana yafe ragowar bayan biya 120. Watannin dakatarwar korona duk an ƙirga musu su, ba tare da sun biya komai ba. Wahalar tsarin ita ce takardu: kowace shekara sai ka sabunta bayanin samunka, in ka manta abin biyan ya yi tsalle.

Abin da ba zaɓi ba ne shi ne yin shiru. Kwana 90 ba biya, labari ya isa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin kiredit. Kwana 270, an sa ka cikin waɗanda suka gaza, daga nan gwamnati na da ikon riƙe rarar harajinka da yankar har kashi 15 cikin ɗari na albashin da ke zuwa hannunka, ba sai ta je kotu ba.

Yafiyar gama-gari kuwa, kada ka gina lissafinka a kanta. A Agustan 2022 Shugaba Biden ya sanar da yafe dala 10,000, ko 20,000 ga waɗanda suka samu tallafin Pell na ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ga mai samun ƙasa da dala 125,000 a shekara. Ya dogara da dokar HEROES ta 2003, wadda ta ba sakataren ilimi ikon sassauta ƙa'idoji a lokacin yaƙi ko dokar ta-ɓaci. Mutum miliyan 26 suka shiga layi. Ranar 30 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta ce ikon sassautawa bai kai ga soke bashi mai yawan haka ba. Tsarin SAVE na biya gwargwadon samu da ya biyo baya shi ma kotuna suka tsayar da shi a 2024. Dakatar da biya ta tabbata, yafiya ba ta tabbata ba, kuma waɗanda suka kashe kuɗin da suka ware suna jiran ta sun ji jiki da Oktobar 2023 ta zo.

Na san da yawa daga cikinmu maganar ruwa ce ke hana su barci, ba yawan kuɗin ba. Wannan hukuncinsa na malamai ne, amma ta fuskar lissafi, bashi mai tallafi ba ya tara ruwa muddin ɗalibi na makaranta aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan gamawa, kuma ba a cin tarar wanda ya biya da wuri. A lokacin korona, wanda ya ci gaba da biya, da zarar ya share tsohon ruwa, duk dalar da ya saka uwar kuɗin take ragewa. Idan aka sake samun irin wannan dama kuma aikinka na nan, haka ya fi, sai dai in kana kan hanyar PSLF, inda biyan da ba a nema ba asara ne.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka shiga shafin studentaid.gov da sunanka, ka ga kowane bashi da nau'insa da mai riƙe da shi. Wanda ba ka gani a can ba, galibi na kamfani ne. Idan kuma dole ta kai ka ga kamfanin, ka sa su rubuta maka amsar abu uku: wata nawa suke ɗagawa idan aiki ya tafi, ko ruwa na tsayawa a lokacin, da kuma abin da zai faɗa kan wanda ya tsaya maka idan ka rasu ko ka naƙasa. Na gwamnati ana yafe shi a waɗannan halaye biyu. Na kamfani kuwa sai abin da ke rubuce a yarjejeniyar.